Littattafan Baƙi

Daren Laraba

Ƙafafuna ciwo suke, amma ba su ne suka hana ni barci ba.

Yau na koma firamaren nan ta wajen Shahuci, inda bara na kai kwalin littattafan da na rubuta wa yara. Tun a cikin adaidaita nake murmushi ni kaɗai, ina hango su sun sha hannu, gefen shafi ya naɗe, ga tabon manja.

Na tambayi 'yan aji huɗu wane labari ya fi yi musu daɗi. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai ba a taɓawa, na baƙi ne. Sai masu duba makaranta sun zo ake jera su."

Hedimasta ya ja ni ofis, ya zaro mukulli yana fara'a. "Hajiya, amanarki tana nan. Ko ɗaya ban bari sun yaga ba." Ya adana su ne kamar yadda Inna ke adana tangaran ɗin aurenta. Yana buɗe kabad sai ƙasa ta zubo. Gara ta shige su.

Ya yi ta salati, har idonsa ya kawo ruwa. Na so in yi faɗa, to da wa? Bawan Allah girmama ni ya yi. Ƙarshe ni ce mai ba shi haƙuri.

Gara ta bi littattafaina shafi-shafi har bango. Yarinyar nan kuwa ko sunansu ba ta sani ba.