Abin da Ke Ƙarƙashin Rawaninka

Kot Bhana, Hoshiarpur
20 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Tarsem Singh,

Sat Sri Akal. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya a gonar shanun nan ta Italiya. Waheguru ya tsare min kai, ya ƙara maka ƙarfin jiki. Mu nan lafiya lau. Alkama ta nuna, saura kaɗan a sa mata lauje. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, ɓaunarmu ta haifi mace, Baba kuwa tun da ka ce za ka zo bikin Baisakhi bakinsa ya ƙi rufuwa.

Na zaɓi takarda ne don ba ni da sakewa a waya, Inna na manne da kafaɗata. Ga abin da ya faru. Dattawan Gurdwara, ɗakin ibadarmu, sun zauna kan mutum biyar da za su wuce gaban jerin gwanon bikin da takubba, sai gurbi ɗaya ya buɗe saboda tsoho Gurdial ba ya iya doguwar tafiya. Baba ya miƙe ya ba da sunanka. Ya ce ɗansa ya sha ruwan alkawarin addini, wanda ya haramta aski, tun yana shekara goma sha tara, kuma shekara shida a ƙasar Turawa almakashi bai taɓa gashinsa ba. Aka amince nan take. Har ya kai wa tela yadin rigarka.

Ni kuwa, Tarsem, zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Shekara guda ke nan ban gan ka a waya ba tare da rawani ba. Da, ran Lahadi kakan kira mu gashi a baje kana shanya shi, kana mitar sanyi ya hana shi bushewa. Yanzu ko ka ce daga wanka ka fito, rawani a naɗe tsaf kamar mai zuwa ɗaurin aure. Hoton da ka turo na bikin fitilu na ƙura masa ido har ya fara yi min ruwa. Saman rawanin ya kwanta, babu tudun nan na ƙullin gashi. Ni da na yi shekara goma ina taje maka kai da man mustad kana ihu, ai na san girman abin da ke wajen.

Sai kuma Manjot, ɗan Gwaggo Nasib, da ya dawo daga can wancan watan. Muna ɗakin girkin Gurdwara muna murza gurasar langar, abincin sadakar nan da ake ba kowa, ya shigo da buhun gari, Inna ta ba shi labarin zaɓenka cike da murna. Yaron nan ya yi wata 'yar dariya, ya ce to, Tarsem ɗin? Madalla, madalla. Ya ajiye buhu ya fice ko shayi bai tsaya sha ba. Uwarsa kuwa, ka san bakinta, ta juya gurasa ta ce ai iskar Turai ba ta barin kaya mai nauyi a kan mutum, ita dai nata ɗan bai taɓa yi wa kowa ƙaryar waliyyi ba. Inna ba ta gane ba. Ni na gane, har gurasa biyu suka ƙone a hannuna.

Wataƙila zargi ne kawai, kuma in haka ne ka yafe wa yayarka. Amma ka tuna yadda ake yi. Da safe, bayan an wanke sandar tuta da madara an sa mata sabon ƙyalle, ku biyar ɗin za ku shiga ɗaki ɗaya, kowa ya kwance rawaninsa a gaban dattawa a naɗa masa na rawaya. Babu inda za ka ɓuya a ɗakin nan. Kuma Baba ya riga ya roƙa a bar shi ya naɗa maka naka da hannunsa.

Ba wa'azi nake maka ba. Na san zafin rumfar shanu, na ji yadda ake kallon mai rawani a can. Haushina ɗaya, ka bar tsohon nan yana buga ƙirji a gaban gari alhali kana jin sa kana shiru. Don haka ka kira wayar mijina, ba ta gida ba, kafin ƙarshen watan nan, ka ce min e ko a'a. In gashinka na nan, in je in toshe wa Gwaggo Nasib baki. In babu, ni zan faɗa wa Baba da kaina, mu biyu a ɗaki, ya yi kukansa ya gama kafin ka sauka. Kada kuma ka fake da cewa maigidanka ya hana ka hutu. Ka zo ko da kanka kamar ƙwarya yake, akwai tukwanen langar da ke jiran mai wanki, su ba sa tambayar kowa.

Inna na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Surukinka Harbans da yara, Simrat da Jagjot, duk suna gaisuwa. Ka gaida Kawu Mohan da iyalinsa.

Abu na ƙarshe. In dai ka yanke, ina fata ba ka bar shi a ƙasan shagon aski an share ba. Ka naɗe shi a ƙyalle ka taho da shi, Inna za ta tambaya.

Yayarka,
Sukhwant Kaur