Baturin da Injiniya Ya Bar wa Baba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya kuma sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan kowa lafiya, alhamdu lillahi. Mama tana nan da ciwon gwiwarta, amma bai hana ta faɗa da mai gyaran famfo ba, wanda ya zo sau uku kuma har yau kicin na ɗiga. Ni ma ina fama da 'yan ajina, jarrabawa ta matso, lissafi kuwa ya ƙi shiga kansu.

Watan jiya ka yi ta tambayata me ya sa Baba ya daina karɓar kiranka, ina ce maka barci yake yi. Ƙarya nake, Yaya, ka yafe mini. A lokacin in na buɗe baki mijin 'yar'uwarmu Anti zan zaga, kuma ka san bangon gidanmu ba ya riƙe magana. Yanzu na zauna in ba ka labarin tiryan-tiryan, domin akwai aikin da zan sa ka a ƙarshe.

Ka tuna sitiyarin wasan nan da ka aiko, mai totur da birki a ƙasa, bayan ciwon da ya taɓa wa Baba ɓarin dama. Allah ya saka maka da alheri, don abin da matar da ke masa gashin ƙashi ta kasa da roƙo da lallashi, abin wasan nan ya yi shi. Da farko cewa ya yi, shi da ya shekara talatin da huɗu yana jan tirela ba zai zauna gaban talabijin yana tuƙa hoto ba. Bayan sati biyu sai ga shi yana jan ƙafar nan da kansa har falo, yana cewa in kunna masa. Cikin duk tseren da ke ciki, na motocin lantarki ne ya shiga ransa: zagaye arba'in, baturi ɗaya, babu tsayawa caji. In ka danne totur za ka wuce kowa, amma baturin zai mutu ya bar ka a hanya. Baba ya ce wannan kam tuƙi ne, sauran duk gudun yara ne. Hannun ya fara riƙe cokali, ƙafar ta fara jin magana, har ya koma tsokanar Mama a kan gishirin miya.

Sai mijin Anti ya shigo cikin zancen. Ka san shi dai, Injiniya, wanda tun da ya fara haɗa wa mutane sola da batura ya hana a kira shi da wani suna. Ya ce akwai gasar da ake yi duk ƙarshen wata a shagon wasan da ke saman kantin kayan gini, mutum biyu a mota ɗaya, kowa zagaye ashirin, su shiga shi da Baba. Baba ya ji daɗi har ya sa na goge masa riga. Na riƙe shi muka hau matattakalar nan ashirin da biyu, ya huta sau uku. Injiniya ne ya fara tuƙi. Ya yi ta wuta, sunansa ya fito a babban allo cewa ya fi kowa saurin zagaye, ana ta tafi yana ɗaga hannu. Da ya miƙa wa Baba sai motoci suka shiga wuce shi ɗaya bayan ɗaya, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, har a zagaye na talatin da bakwai motar ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Shagon ya ɗauki dariya. Shi kuwa gogan ya dafa kafaɗar Baba, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, wai a yi wa tsoho uzuri, ƙafar ta riga ta gama aiki, laifinsa ne da ya ɗauko mara lafiya.

Baba ya miƙe muka sauko. Muna isa gida ya rufe sitiyarin da tawul, ya shige ɗaki. Ya sallami mai gashi, ya daina fitowa falo, ya daina ɗaukar wayarka. Cikin sati biyu hannun ya fara nannaɗewa kamar da, Mama ta koma ba shi abinci a baki. Abin da muka yi wata takwas muna ginawa, ina kallo yana rushewa saboda maganar mutum ɗaya.

Abin ya tsaya mini a rai, don na san tuƙin Baba a gida, bai taɓa barin baturi ya mutu ba. Na koma wurin mai shagon bayan an tashi makaranta, na ce ya nuna mini bayanan tseren, ya kuwa buga mini su a takarda. Ashe babban allo matsayin motoci da saurin zagaye kawai yake nunawa, ma'aunin baturi kuwa sai a ƙaramin allon da ke gaban direba. Yaya, kashi goma sha tara cikin ɗari Injiniya ya bar wa Baba. Kashi tamanin da ɗaya ya cinye don a ga sunansa a allo. Da wannan guntun Baba ya yi zagaye goma sha bakwai, mai shagon ya rantse bai taɓa ganin wanda ya yi ko goma da shi ba. Kuma kada wani ya ce mini kuskure ne. Mutumin da sana'arsa baturi ce, wanda yake zama a falonmu yana mana lacca a kan caji har shayi ya huce, shi ne zai ce bai san abin da lambar take nufi ba? Baba ya ga lambar tun da ya zauna, ya yi shiru don kada ya ɓata wa Anti zaman gida. Na yi kuka a gaban mai shagon, kukan baƙin ciki, kuma a nan na ɗau alwashin sai Injiniya ya ɗanɗana abin da ya yi.

Aikin farko shi ne fito da Baba. Na yaye tawul ɗin, kullum na dawo daga makaranta sai in ƙure ƙarar talabijin in yi ta tuƙin banza da gangan, in danne totur, in taka birki da ƙarfi, baturi ya mutu, in yi tsaki in sake. Kwana uku ya daure. A na huɗu na ji muryarsa daga ɗaki yana cewa wace irin mara tausayi ce ke kashe motar mutane haka. A na shida ya fito, ya zauna a kujerarsa, wai ya zo shan iska ne. Bai yi minti biyar ba ya fara ba ni umarni: in ɗaga ƙafa tun kafin kwana, in bar gangara ta yi mini aiki, in taɓa birki a hankali don motar ta mayar wa baturi ɗan abin da ta ci, kada in kula da wanda ya wuce ni. Da na ga ya shiga hannu sai na faɗa masa na san zancen kashi goma sha tara, kuma na riga na rubuta sunanmu a gasar wannan watan. Ya ce ba za shi ba, kuma in rufa wa 'yar'uwata asiri. Na ce to ya zaɓa, ko ya zo mu yi tseren, ko in je gidan Anti in karanta takardar mai shago a gaban dangin mijinta. Ya kalle ni ya ce halin Mama na ɗauko kaf, sannan ya ce in matsa ya zauna.

Aiki na biyu, Allah ya yafe mini, ban yi nadamarsa ba. Na ji Injiniya zai shiga da abokinsa mai sayar da waya, kuma ya ce shi zai tuƙa rabin ƙarshe don ya tsallake layi da kansa. Sai na bi ta shagon mai wayar, wai ina neman caja. Cikin hira na ce masa kowa na cewa ya fi Injiniya ƙafa, sai dai ba a taɓa barinsa ya nuna ba, kuma abin kunya ne a ce sunan wani ne kullum a allo. Na ga maganar ta zauna masa daram. Na sayi cajar da ba na bukata na fito.

Ranar gasar motoci takwas ne. Ni na fara. Na bi abin da Baba ya koya mini, ana wuce ni ina haɗiye zuciya, na gama rabina ina ta shida, na miƙa masa baturi kashi hamsin da shida. Mai waya kuwa ya yi mini aiki fiye da yadda na roƙa. Ya goge sunan Injiniya daga allo da saurin zagayensa, ya ba kowa tazara, yana ta ihu. Ina sauka na lallaɓa na tsaya bayan kujerarsu, sun riga sun yi canji, na leƙa ƙaramin allon: kashi talatin da uku. Da ka ga fuskar Injiniya, Yaya, da ka biya kuɗin jirgi don ita kaɗai. Ya fara ƙoƙarin tattali, abin da bai taɓa koya ba, tazarar tana narkewa. Baba kuma yana tafe a natse, ya wuce na biyar, ya wuce na huɗu, wasu biyu baturinsu ya mutu da kansu. A zagaye na talatin da takwas Injiniya ya hango Baba a madubi. Maimakon ya yi haƙuri sai zuciya ta ɗebe shi ya danne totur, ya ƙarasa ɗan abin da ya rage. A zagayen ƙarshe, bayan kwanar ƙarshe, ana hango layi, motarsa ta yi sanyi ta tsaya.

Na riga na miƙe, na buɗe baki zan yi guɗa. Sai na ga Baba ya rage gudu. Ya zo bayan motar Injiniya a hankali, ya ɗora bambarsa a kan tata, ya fara tura ta. Ka san a wasan in ka taka da ƙarfi motar gaba za ta wulwula ta bugi shinge, in ka sassauta kuma ta tsaya. Da ƙafar daman nan, wadda aka ce ta gama aiki, Baba ya riƙe totur daidai wa daida, gumi na zuba a wuyansa, har ya kai ta layi. Motar Injiniya ce a gaba, don haka ita ta zo ta ɗaya, mu na biyu. Sai wurin ya ɓarke. Mai shago ya kira Injiniya ya karɓi kofi, ya tafi yana kallon takalmansa, mutane na tafi suna kiran Baba, wani daga baya yana tambaya ko a kawo wa Injiniya igiyar jan mota saboda wata mai zuwa.

Ni fa haushi na ji, ba zan ɓoye maka ba. Sati uku ina dafa abu, ya nuna, Baba ya ɗauka ya miƙa wa wanda ya ci masa mutunci. Har muka isa gida ban yi masa magana ba, a raina ina cewa tsoho da tausayinsa sun cuce ni. Da safe na kai masa shayi, ya karɓa da hannun dama, ya ce in kunna masa bidiyon ƙarshen tseren da mai shago ya turo. Ya kalla sau uku, yana dariya har da hawaye, Mama na faɗa kada ya ƙware. Sannan ya ce mini ni yarinya ce, ban san hanya ba. Wai a shekarunsa na tuƙi duk direban da ya wuce, kafin yamma ya manta da shi, amma waɗanda ya tura har yau in sun gan shi a tasha sai sun cire hula. Daga nan ya ce in kira Anti in gaya mata yana son mijinta ya zo ranar Asabar da ƙarfe huɗu, ya taho da kofin, don bai samu ya taya shi murna yadda ya kamata ba.

To ga aikinka, Yaya. Na gayyaci Gwaggo da Kawu da maƙwabtanmu na sama, na ce wa mai gashi ma ta zo, tunda ta dawo aiki jiya. Na wanke labule, na share saman tebur inda za a ajiye kofin kowa ya gani. Kai kuma ƙarfe huɗu daidai ka kira ta bidiyo, zan jingina wayar a jikin fulas ta fuskanci kujerar da zan ba shi. Kada ka yi dariya, kada ka yi faɗa. Ka gaishe shi da girmamawa, ka yi masa barka, sannan ka roƙe shi ya ba ka labarin yadda ya ci, tun daga farko har layi, don kai ba ka nan.

Ka gaida mini matarka da kyau, ka ce mata na ga hoton ɗinkin kuma ina jiran nawa. Ka shafa mini kan 'Yan Biyu, da Sarkin Kuka in ya yarda a taɓa shi. Mama tana gaishe ku, ta ce ka rage shan abin sanyi. Anti ma tana gaisuwa, ita kam ba ta san komai ba, kuma kada ka ce mata komai. Baba ya ce a gaya maka ka duba bambancin agogonku da namu tun yau, ba ya son ka makara. Allah ya tsare mana kai, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Ƙanwarka, Autar Mama