Tsuntsuwar Da Na Warware

Zuwa ga Rabi,

Assalamu alaikum. Na san babu mai kai miki wannan takarda, kuma ba za ki karanta ta ba. Da kina nan ma dariyar ajamina za ki yi. To amma wa zan gaya wa in ba ke ba?

Damina ta sake yaudararmu. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, wake kuwa tsutsa ta riga mu. Ƙanena Sale ya tafi cirani. Akuyarki ta haifi biyu, ɗaya ya rayu. 'Yarmu Ummi tana Gezawa wurin Innarki, gobe Juma'a za a dawo da ita, kuma dawowar tata ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Rabi, na yi ɓarna. Kin tuna tsuntsuwar takardar da kika ninka mata kafin ki kwanta ciwo? Tun da kika rasu ba ta rabu da ita ba, har magana take yi mata. Ranar tafiya Inna ta ce za ta lalace a mota, sai yarinyar ta zo ta ɗora mini ita a tafin hannu, ta ce amana. Shekararta shida, ina ta koyi wannan kalma?

Kin san ban taɓa ɗaukar ninkin takardar nan da daraja ba. In tuwo ya yi jinkiri, ki tara yaran unguwa a tsakar gida da tsofaffin littattafan makarantarku, ku yi jirgin ruwa, ku yi kwaɗo mai tsalle, kina sa su ƙirga kusurwa, kina nuna musu rabi da kwata. Kin ce wata malama ce ta koya muku, wai wasan mutanen Japan ne. Ni kuwa in wuce ina tsiya, yara na jin yunwa kina ba su takarda. Amma na sani, ba mai kuka a cikinsu har a sauke tukunya.

Shekaranjiya na ga fiffike ɗaya ya fara yagewa. Na ce bari in warware ta a hankali, in bi layukan ninkin, in yi wa Ummi sabuwa su zama biyu. Mutumin da ke ɗaure damin gero, takarda za ta gagare shi? Ta gagare ni. Na warware, na kasa mayarwa.

Sai na ga rubutun boko a ciki, da hatimi. Na kai wa Malam Isa mai shagon magani. Ya karanta. Ya ce takardar asibitin garinmu ce, da sunanki, an ce ki tafi babban asibiti a birni ba tare da jinkiri ba.

Me ya sa, Rabi? Takarda ce ta ƙare a gidan? Ko kin ga abin da ke cikin rumbu ne kika yanke hukunci ke kaɗai? Ko kin saka ta a hannun yarinya ne don wata rana in gani? In haka ne, fushi kike da ni ko tausayina kike ji? Na juya ta ko'ina na kasa ganewa.

Ga abin da ban gaya wa Malam Isa ba. Wata safiya ina ɗaukar fartanya kin ce kina so ki shiga birni. Ban tambaye ki dalili ba. Na ce a bari a yi girbi. Kika ce to. Shin ba ki gaya mini ba ne, ko kin gaya mini ban saurara ba? Ki yafe mini. Ina jin kunyarki, kuma ina kewarki fiye da yadda zan iya faɗa wa mai rai.

Na lalata littafi guda ina gwadawa. Abin da ya fi kyau a ciki ya fi kama da buzuzu, Ummi ba za ta ruɗu ba. Na so in ce iska ta ɗauke, amma ƙarya ga marainiya ba zan iya ba.

Gobe zan shimfiɗa tabarma, in ajiye mata takardar a miƙe, in ce ni na yi. In ta gama kuka, zan roƙe ta ta koya mini, tunda ita ta zauna kusa da ke, ni wucewa na yi. In ta tambaye ni abin da aka rubuta a ciki, ban san me zan ce ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu a inda babu rabuwa.

Naki,
Baban Ummi