Dambun 'Yan Tibiri

Ɗana Isuhu,

Ina gaishe ka. Ya jikinka, ya Rakiya da yara? Mu nan Dutsi lafiya lau.

Na ji daɗin aikinka na tarbar manyan baƙi a tsohon filin ƙwallon garinku. Ran Asabar 'yan Tibiri suka zo nan suka cinye su ƙanenka Habu a ƙwallo. Ya dawo yana huci, wai dambun da na dafa wa baƙin ba za a kai ba. Na ce, "Baƙinmu ne tun kafin a busa usur. Ɗauki." Ya kai, har ya ci tare da su.

Kai ma, ranar da aka ci ku, kada baƙo ya gani a fuskarka.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Rakiya.

Mahaifiyarka