Ƙwallayen Inna Sun Tsiro

Ƙanena Sanusi,

Ina gajiya, ina aiki? Yaya Hadiza da yara, yaya zaman Legas? Mu nan Dingyaɗi lafiya lau, sai gajiyar damina. Daga aikin asibiti sai gona, ƙafafuna har kumbura suke.

Ka tuna ƙwallayen ƙyalle ukun da marigayiya Inna ta ɗinka maka, waɗanda kake cillawa sama kana cafewa? Ka ce in riƙa shanya su, kada ruwa ya taɓa su. To, na ga sun yi dauɗa, gajiya ta sa na wanke su, na manta gero ne a ciki. Kwana uku rana ba ta fito ba. Da na duba, sun tsiro ta bakin ɗinki.

Na zauna ina kuka, sai Baba ya ce, "Rabi, geron nan daga rumbun uwarku ya fito, kada ki zubar."

Na farke ɗinkin na adana maka ƙyallayen, tsiron kuma na dasa bayan ɗakinta.

Ka yafe mini. Ka gaida Hadiza, ku yi addu'a geron ya yi zangarniya. In ka zo lokacin girbi, ka sake cika ƙyallayen da geron Inna.

Yayarka,
Rabi