Teburin da ke jiran maigidana ya miƙe

Assalamu alaikum admin da 'yan uwa na wannan guruf, ina gaida kowa da kowa. Admin don girman Allah a sakaya sunana, a nan Dogon Dutsi ko tari ka yi a ɗakinka sai an ji a tasha. Don Allah ku ba ni shawara. Magana ce a kan tebur, na san wasu za su yi dariya, ni ma da a bakin wata na ji da na yi.

Maigidana malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, kowa Mushe yake ce masa kamar yadda ake ce wa malamai a nan, ni ma haka nake kiransa. Mahaifinsa masassaƙi ne a wani ƙauye ta wajen Geceme, turmi da taɓarya da ƙotar gatari su ne sana'arsa har ya rasu. Mushe ya yi boko ya riƙe alli, amma hannunsa bai taɓa rabuwa da itace ba, ko kujerar mutane ya zauna sai ya shafa gefenta ya ce an cuci katako. Wata rana ya dawo ya ce zai haɗa teburin aikin kafinta da hannunsa, irin mai nauyin nan da ake matse katako a jikinsa a goge a yanka, wai idan ya yi ritaya a kansa zai ƙare rayuwarsa. Ya kwashe mini itacen girki da buhunan dusa daga rumfa, ya ce nan ne shagonsa. Na ce masa kafintan bakin kasuwa zai buga maka wannan a wuni ɗaya, ya ce wannan ai teburin mai shayi ne. Nasa ko ƙusa ɗaya ba zai sa ba, sai dai ya fafe rami a wannan itace, ya sassaƙa harshe a wancan, su shige juna su riƙe. Ƙafafun na kirya ne, daga wani gungume da mahaifinsa ya bari, saman kuma madaci. Na sha masifa a kan garin katako, har a cikin fura mun sha shi, shi kuwa ko a jikinsa.

Da ya gama sassaƙa ƙafafun sai na ga sun yi tsawo ba na wasa ba, na ce ko raƙumi ne zai yi aiki a kai. Ya yi dariya ya ce, "Ke ba ki san komi ba. Tsawon tebur ba ga mita yake ba, ga jikin mai shi yake. Sai an gama duka in tsaya tsaye in saki hannuwana, inda wuyan hannuna ya tsaya ki ja mini layi, abin da ya haura mu cire shi daga ƙasa. Ƙahwa ita ake yankewa ƙarshe." Na ce to Allah ya kai mu, ni dai a maido mini da rumfata.

Lokacin yankan hatsi ya hau babur zai je ƙauye ya duba gonar Inna, mahaifiyarsa. A hanya amalanken jaki ya fito masa daga cikin karare, ya kauce ya faɗa rami, babur ya danne shi. Aka kai shi asibitin nan, aka tura mu Dosso, daga can aka ce sai Yamai. Bayan an ɗauki hoton bayansa likita ya kira ni da babban wansa, wanda muke ce wa Yaya, ya rufe ƙofa ya nuna mana hoton, ya ce lakar baya ta tsinke, hannuwa da kai lafiya lau, amma daga ƙugu zuwa ƙasa kada mu sa rai. Ban yi kuka a nan ba. Muna fitowa Yaya ya tsayar da ni a baranda ya ce wannan magana ta tsaya tsakaninmu da Inna, mara lafiya ba a kashe masa zuciya, kuma likita ba Allah ba ne. Na ce to. Muka shiga muka ce wa Mushe jijiya ce ta yi barci, da sannu za ta farka.

Tun da muka dawo gida Inna da Yaya ba su taɓa haɗa baki a kan komai ba. Inna ta ce aljana Doguwa ce ta buge shi a hanya, ta zo da hayaƙi da ƙulle-ƙulle a bakin zane, Yaya ya ce wannan shirka ce ba za a yi ta a gidan ƙaninsa ba, ya kawo man zaitun da masu karatu. Har gaisuwa suka daina na ɗan lokaci. Amma abu ɗaya suka yarda a kai, kada a faɗa masa. Inna ma da bakinta ta ce mini duk wanda ya gaya wa ɗanta ba zai tashi ba, ba ta yafe ba duniya da lahira, kuma ni take kallo da ta faɗa.

Watannin farko Mushe ya juya wa duniya baya, fuskarsa na kallon bango, abinci sai na yi da gaske yake cin loma biyu, abokan aikinsa su zo ya yi kamar yana barci. Na zaci rasa shi zan yi ina kallo. Sai wata safiya ya ce a fitar da shi rumfa. Aka shimfiɗa masa tabarma aka jingina shi da bango, ya ce in jawo masa katakon saman nan. Ya shafa shi ya ce ya sha ƙura, in miƙo masa abin goge katako. Wallahi 'yan uwa tun daga ranar mijina ya dawo. Yana zaune a ƙasa yake aiki, ni ce mai riƙe masa, ni ce mai juya katako, ni da nake zagin garin katako yanzu tafin hannuna duk kanta ne. Ya koma yi mini faɗa, wai na riƙe karkace, wai ban iya bambance guduma da muciya ba, ni kuma daɗin faɗan nake ji. Da ya gama aka kira maƙwabta suka ɗaga suka harhaɗa yana ba su umarni daga tabarma, komai ya shige wurinsa, ko motsi ba ya yi. Tebur ya tsaya a rumfa da dogayen ƙafafunsa, samansa yana kai mini ƙirji.

A nan matsalar ta fara, saboda aiki ya ƙare, saura yankan ƙafa. Maƙwabta suka ce bari su ɗaga shi su riƙe shi a tsaye a auna, ya ƙi, ya ce awon mutumin da aka riƙe ƙarya ne, sai ya tsaya da ƙafarsa. Wani abokinsa ya samo masa keken guragu, ya ce a mayar wa masu buƙata. Yanzu kullum da safe a fitar da shi, ya zauna a gindin teburin yana kallonsa daga ƙasa, ya shafa masa mai, ya jera kayan aiki ya sake jerawa, ya matsa cinyarsa ya tambaye ni ko na ga yatsansa ya motsa. Ni kuma in ce kamar dai ya ɗan motsa. Cin abincin ya fara raguwa, surutun ma haka, ina ganin bangon nan yana sake kiransa. Na je na sami Yaya na ce ko a faɗa masa, a yanke teburin daidai zama ya ci gaba da aikinsa, ya ce ni ce na fara gajiya da jinya shi ya sa nake son a yanke hukunci, mace ba ta da tawakkali. Shi da yake leƙowa ranar Juma'a da ledar lemo, ni da nake ɗagawa da kwantarwa da wanki, ni ce marar tawakkali. Na haɗiye na dawo gida.

Ranar nan bayan azahar yana barci a ɗaki, na rasa abin da ke mini daɗi, na ɗauki kujerar da muke ɗora shi a kai idan baƙi sun zo, na ajiye gaban teburin na zauna, na miƙa hannu kamar ina goge katako, na ƙara kaɗan tunda ya fi ni tsawo. Na auna da igiya, na durƙusa na ja ɗan layi da fensir a ƙafafun, ta ciki, inda na ga ba mai gani. Ba don in yanke ba, so nake kawai in ga yadda zai zama. Awon tsayuwa bai fi taƙi ɗaya za a cire ba, nawa ya kusa biyu, duk wanda ya san aikin yana gani ya san wannan layin mai zama ne. Abin da ban yi tunani ba, mu masu tafiya ne ba ma ganin wurin, shi kuwa a nan ƙasa yake wuni, idonsa daidai nan yake.

Da la'asar aka sake fitar da shi rumfa. Washegari da na je shara na duba, sai na ga wani layi ƙasa da nawa da kamar yatsa biyu, miƙaƙƙe sar, ya zagaye kowace ƙafa, duka huɗun. Hannunsa ne, ko a mafarki na san shi. Ya ja jiki ya zagaya teburin ya gyara mini awona. Na zauna daɓas da tsintsiya a hannu. Da na kai masa koko ya kalle ni ya ce, "Wai likitan Yamai, da ya kira ku ke da Yaya, mi ya ce muku?" Na ce tukunyata na ƙuna, na fita da gudu, alhali ba komai a kan wuta. Bai sake tambaya ba. Da Inna ta zo da yamma na ji shi yana ce mata ta kwantar da hankalinta, kafin damina zai miƙe, ita kuma tana ta amin.

Yanzu ban san wa ke yaudarar wa a gidan nan ba. Ko ya sani yana lallashinmu ne, ko bai sani ba yana gwada ni ne, ko jira yake wani ya faɗa da baki don shi ya kasa. Idan na faɗa na ɗauki bakin Inna, na ɓata da danginsa, kuma ina tsoron ya koma kallon bango, wannan karon ba abin da zan jawo masa ya shafa. Idan na yi shiru ina kallonsa yana narkewa a gindin abin da ya haɗa da hannunsa, ba zai taɓa kai hannu samansa ba. Tashi dai ba zai tashi ba, wannan na daina roƙo, Allah ya yafe mini.

Don Allah waɗanda suka taɓa jinya irin wannan ku gaya mini, in zauna in faɗa masa abin da likita ya ce, ko in bar shi da layinsa har ya furta da kansa? Jiya ya wuni yana wasa zarto, da ya gama bai ce in rataye shi a ƙusarsa ba, ya ajiye shi a ƙasa, kusa da ƙafar tebur, ƙotar tana kallon ƙofar ɗakina. Yau da safe na share ko'ina na zagaye shi, har yanzu yana nan. In ɗauka?