Sauron da Ya Daina Jin Magani

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya kasuwa can Fatakwal? Yaya ƙafar Hajiya Binta? Mu nan mun gode Allah.

Sai dai zazzaɓin cizon sauro ya sake kwantar da Ummi, ƙaramar 'yata. Da na kai ta asibiti a Bagwai, ma'aikaciyar ta tambaya ko muna shiga gidan sauro. Na ce, "Wallahi Malama, sabo ne ma, mai magani, amma da safe sai ki ga sauro zaune a kansa lafiya ƙalau."

Ta ce kada mu daina shiga, amma sauron yanzu ya canza. Magani raunana yake kashewa. Masu juriya su tsira, su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji juriyar kamar yadda ɗa ke gadon kamannin ubansa. Wai har feshin da muke yi wa tumatir a bakin dam ɗin Watari yana gangarawa kududdufan da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki, ya ƙara tace masu taurin.

Yaya, na rasa mafita. In na bar feshi, tsutsa ta cinye tumatir, mu kwana da yunwa. In na ci gaba, ina ƙarfafa abin da ke kwantar mini da 'ya. Gonar Baba kuwa ba ta ɗaukuwa zuwa wani gari. Jiya na goya tankin feshi, na daɗe tsaye a bakin gona, sannan na fesa.

Ummi ta fara shan kunu. Ku sa mu a addu'a. A gaida Hajiya da yara.

Ƙaninka,
Sani